Gwaggo da Tsiro Mai Cin Ƙuda

Gwaggona ta ƙarar da ƙuruciyarta tana girki a kicin ɗin wani asibiti, kuma ko da ta yi ritaya ludayi bai bar hannunta ba. Ka shiga gidanta ka ce ka ƙoshi, to ka zage ta ke nan. Ko mai gyaran famfo ba ya fita sai da loma a baki.

Da autarta za ta tafi karatu nesa, sai ta bar mata amanar wani ɗan tsiro a tukunya, mai ganye kamar buɗaɗɗen baki da haƙora a gefe. Ƙuda na sauka a ciki, ganyen zai rufe ruf, ya narkar da shi a hankali. Ta ja mata kunne sosai: a ajiye shi inda rana ke samunsa, ruwan sama kaɗai zai sha don na famfo yana ƙona masa saiwa, ban da taki, ban da tsokana da yatsa.

Gwaggo ta ce to. Mota na tashi ta ƙare wa tsiron kallo, ta ce wallahi yunwa ke cinsa, wace halitta ce za ta rayu a kan ƙuda? Ta shiga tura masa tsokar nama da tsinke, ta barbaɗa taki, har romo ta ɗiga masa.

Ganyen suka yi baƙi ɗaya bayan ɗaya, suna wari. Na zo da niyyar yi mata tsiya, sai na tarar ta yi tagumi a baranda, tausayi ya kama ni. Tsoronta ɗaya ne, kada yarinyar ta dawo ta iske tukunya wayam.

Muka yanke ruɓaɓɓun ganye, muka sake masa ƙasa marar taki, muka kafa bokiti a ƙarƙashin indararo. Na ce saura ta cire hannunta. Nan fa aka sha daga. Sai ka gan ta tsaye a kansa, hannuwa a baya, tana zagin ƙudajen unguwa don sun ƙi zuwa.

Rannan da hantsi wani sabon ganye ya cafke ƙuda a kan idonta. Ta kira auta a waya.

"Ya kama da kansa," in ji ta. "Ban ba shi komai ba."

Ta share ido da bakin zane.

"Ashe ke ma kina iyawa a can, ko?"