Bakan Yaya Sani Da Ya Ƙi Karyewa

Shekara shida ke nan da aka kashe yayana, Sani, wanda mutanen ƙauyenmu ke kira Sani Mai Baka. Har yau a can, in an ambaci sunansa sai wani ya rage murya ya ce "infoma". 'Ya'yansa uku suna hannuna a Ƙofar Durbi cikin Katsina, suna girma da wannan suna a kansu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaya bai yarda baka ya bar hannunsa ɗanye ba. In ya feƙe itacen dargaza ya goge, sai ya narka man shanu da kakin zuma, ya gasa itacen bisa garwashi ya shafa. Itace ya shanye, ya ƙara. Sannan ya rataye shi a madafa ya sha hayaƙi har ya yi ja wur, ya zura masa ɗanyar fatar wutsiyar sa a mariƙa. Bakan da ya sha wannan aiki ruwan damina ba ya shigarsa, gara ba ta kusantarsa. Kowa a yankinmu ya ga jan bakan nan ya san hannun wa ya fito. Manoma sun saya, maharba sun saya. Makiyayan da matansu ke kawo masa man su ma sun saya saboda kura, tun zamanin da ake cin tuwo kwano ɗaya.

Da 'yan bindiga suka addabe mu, muka kwaso iyali muka dawo Katsina. Shi kuwa, taurin kai! Duk damina sai ya koma gona. A ranar wata kasuwa 'yan sa-kai suka dawo daga daji da gawar wani ɗan bindiga, a kafaɗarsa ga jan baka. Bakan tsoho ne, wataƙila na ubansa ne. Babu wanda ya tsaya tambaya. Suka jawo Yaya daga rumfar mai shayi, rana tsaka, gaban jama'a. Wani Lawwali, wanda muka yi wasan ƙasa tare, shi ya fara sauke masa bakan a ka. Waɗanda suka gani sun ce Yaya yana ta faɗin, "Ku duba kafaɗunku, ai ku ma nawa kuke rataye da shi!" Suka karya masa hannuwa biyu, suka fasa masa kai. Bakan ko tsagewa bai yi ba. Ni na yi masa wanka, kuma wallahi ban gane fuskar ɗan'uwana ba.

Yau an ce an yi sulhu. Masu manyan bindigogi suna shiga kasuwa da su a kafaɗa, ana ba su hannu, ana ɗaukar hoto. Yaya, da kana raye me za ka ce? Kai da itace da man shanu suka ja maka kisa. Na san ka, tsaki kawai za ka ja ka ci gaba da fiƙarka. Ni ban iya ba, abin yana ci mini rai.

Bai bar gida ba, bai bar shanu ba. Abin da ya rage nasa bakunan nan ne, suna rataye a ɗakunan mutanen da ba su zo jana'izarsa ba.

Kwanan baya ina shagona a Ƙofar Kaura sai ga Lawwali a kan babur. Shi ma 'yan bindiga sun koro shi daga ƙauye, acaɓa yake yi. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, kamar ba komai. Sai ya kwance wani buhu ya fito da jan baka, nasa na kansa, ya bushe ya fara yin fari-fari.

Ya ce, "Malam Sabo, don Allah mi marigayi ke shafa mashi ne? Na sa baƙin mai ya ƙi."

Na daɗe ina kallon hannunsa. Na ce, "Je ka tambaye shi, Lawwali. Ai ka san inda ka bar shi."

Allah Ya jiƙan Yaya Sani, Ya bi masa haƙƙinsa.