Garar gidan Sajan

Ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni gidan Mama Ladi ba, gab da daminar 2006. Lokacin ina ƙaramin duba-gari a Zuru, kuma feshin ƙwari a hannuna yake. Ga ni da rawar kai, gani nake babu wanda ya kai ni sanin gara.

Mama Ladi matar marigayi Sajan Bawa ce, tsohon soja. 'Yarta tana aikin jinya a Ingila, ta aiko Mama ta je ta zauna da ita. Saura sati biyu ta tashi, sai ga gara ta fito a azarar ɗakin kwana. Da na isa na tarar da akwatuna a ɗaure, ita kuwa tana tsaye tana kallon rufin.

"Ɗana," ta ce, "so nike in dawo in iske gidan nan tsaye."

Ga waɗanda ba su san aikin ba, feshi kaɗai ba ya gama da gara. Sai ka bi hanyarta har shuri, ka tona, ka fito da uwar garar. In ka bar ta, wahalar banza ka yi. Na bi hanyar ta jikin bango, ta bayan kicin, har gindin wani daɓen siminti a bayan gida. Ban tambayi kowa ba na ɗaga diga. Sara biyu na yi, sai na ji an riƙe mini hannu.

"Baban yara ne kwance nan," in ji Mama Ladi.

Kunya ta kama ni. A gidanmu maƙabarta ake kai mamaci, ban kawo a raina cewa a nan wasu a gida suke binne nasu ba. Na ajiye digar na ba ta haƙuri, sannan na gaya mata gaskiya. Shurin yana ƙarƙashin daɓen. In ba a tona ba, gidan da babu mai share shi ba zai wuce damina uku ba.

Ta zauna a bakin daɓen, ta daɗe tana shafa simintin.

"Shekara ashirin yana yawon bariki, bai taɓa kwana wuri guda da daɗi ba. Yanzu da ya samu wurin kwanciya, ni zan sa a tashe shi don kwano da azara? Bar shi. In na dawo, ko bukka ce na yi kusa da shi."

Na yi feshin da zan iya, na mayar da ƙasar da na tona da hannuna. A ofis shugaban sashenmu ya ce aikina bai cika ba. Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

Bayan shekara uku na bi ta unguwar. Rufin ɗakin ya rufta. Maƙwabciya ta ce Mama ba ta dawo ba, ciwon ƙafa ya hana ta, amma duk sanda ta bugo waya ba ta tambayar gida, sai ta ce, "An share wa Sajan?"

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za a koya muku awon magani da bin hanyar gara. Abin da na koya a gidan nan shi ne, kafin ka ɗaga diga a gidan mutum, ka tambaye shi abin da ba zai iya rabuwa da shi ba.