Takardar da Na Karanta wa Kawu Bukar

Da azumin nan da ya wuce Kawu Bukar magini ya cika shekara shida a ƙasa. Sau biyar lokacin yana zagayowa ina yin sadaka in yi shiru, amma bana shirun ya gagare ni. An ce wata mai zuwa in je in yi wa wasu samari magana, waɗanda ake koya wa shugabancin ma'aikata, tun da yanzu ko'ina zancen ke nan, 'yan ƙasa za su karɓi ayyuka daga hannun Turawa. Tun da aka faɗa mini na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki alƙalami in ajiye, in fita ƙofar gida in dawo. Mai ɗakina ta tambaye ni ko ciwo nake ji. Ba ciwo ba ne. Akwai laifin da na yi wa mutumin nan ban taɓa faɗa ba, kuma ban ga da wane ido zan tsaya gaban yaran mutane in koya musu riƙon jama'a ba alhali yana wuyana.

Kawu Bukar ƙanen mahaifiyata ne. Kakanninsa daga Borno suka zo, amma shi a nan kusa da Ƙofar Mazugal aka haife shi, a nan kuma ya tashi cikin kwaɓin ƙasa. Da na gama elemantare shi ya kama hannuna ya kai ni wurin Alhajin da yake yi wa aikin kwangila, ya ce ga ɗansa Inuwa, ya iya rubutu. Haka na zama akawu, shi kuma yana shugaban magina.

Yadda yake aiki yana ba ni haushi tun a lokacin, don ban gane ba. Ba ya kama gini ɗaya. Yau yana unguwar Sheshe, sai ya ɗora jerin tubali kaɗan ya ce a tattara kaya. Gobe yana wani gida a wata unguwa. Sai bayan kwanaki ya komo na farko, ya kifa tafin hannunsa a jikin bango, ya danna farce, ya yi shiru kamar mai sauraron wani. In bangon ya bushe a ci gaba, in bai bushe ba a wuce. Kuma ko leburan da ya zo jiya yana iya cewa, "Baba, nan bai yi mini ba," Kawu ya sauko ya duba. Akwai Buba, Bafulatani mai jefa masa tubali, abokin wasansa. Kullum yana ce masa, "Babarbare, ka gama gaisawa da bangon? Ya iyalinsa?" Kawu ya ce, "Yana gaishe ka, ya ce ka koma kiwo."

Shekara biyu kafin rasuwarsa Alhaji ya tura ni kwas na wata uku a Zariya. Ba zan yi wa kwas ɗin ƙarya ba, an koya mana abin kirki. An koya mana tsara aiki daga ranar farawa zuwa ranar gamawa, da sanin abin da kowane ma'aikaci ya fi iyawa, da yadda ake raba aiki kada ya taru a kan mutum ɗaya. Malaminmu ya maimaita mana cewa shugaba ya tambayi wanda ya riga shi sanin aikin, in kuma zai yi wa mutum faɗa ya ja shi gefe. Na rubuta wannan da hannuna, littafin yana nan. Amma abin da ya zauna mini a kai biyu ne, jadawali da takardar gargaɗi, don su ne suke nuna ni ne babba.

Da na dawo Alhaji ya ɗora ni a kan dukan ma'aikata, har da Kawu. Aikina na farko sito ne na ajiyar gyaɗa a gindin Goron Dutse. Na ja layuka a takarda, na manna a jikin wata bishiya, na ce daga yau babu mai zuwa wani gini sai wannan ya kai rufi. Kawu ya bi ni kwana biyu. A na uku ya taɓa bangon ya ce a tattara kaya.

Na ce, "Kawu, jadawali ya ce yau mu kai tsayin taga."

Ya ce, "To, Malam Inuwa, ka je ka karanta wa bangon. In ya yarda ni ma na yarda."

Ma'aikata suka yi dariya. Dariya ce irin wadda ake yi kullum, da Buba ne aka faɗa wa da ya rama an wuce wurin. Ni kuwa sai na ji kamar an tuɓe mini riga a kasuwa. Washegari da hantsi na tara kowa, na zaro takardar gargaɗi na karanta da ƙarfi. Na kira sunansa haka nan, Bukar, ba Kawu ba Malam. Na ce ya ƙi bin umarnin shugaba, in ya sake za a sallame shi. Sannan na miƙa masa tawada na ce ya dangwala yatsa. A gaban mutanen da shi ya koya wa riƙon tubali na yi wannan. Ya dube ni, ya goge hannunsa a jikin riga don kada ya ɓata mini takarda, ya dangwala. Ya ɗauki hularsa ya yi wa jama'a sallama. Bai sake komowa ba.

Sauran suka zauna, don kowa yana da iyali. Na ɗauka na yi nasara. Ba wanda ya yi mini gardama, ba wanda ya makara. Duk abin da na ce sai a amsa, "Yadda ka ce, Malam." Ban lura ba cewa tun daga ranar ba wanda ya ƙara gaya mini komai. Muka ɗora tubali a kan ɗanyen bango, muka jera azara a ranar da takarda ta ce. Bangon yamma ya fara yin ciki, yana turowa waje, kowa yana gani, kowa ya yi shiru. Ni da ban san ciki a bango ba ina ta murna. Kafin a yi yaɓe ya tsage daga sama har ƙasa, dole aka sauke rufin aka rushe gefen nan. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Na tambayi Buba don me bai faɗa mini ba. Ya ce, "Malam, ni ma yatsa gare ni."

Kawu ya koma ƙananan ayyuka, gyaran katanga da toshe yoyon soro, mutumin da ya ɗaure bakan gizon rufi a zaurukan manya. Ko sau ɗaya bai yi mini zancen sito ba. Duk Juma'a ina zuwa gaishe shi. Mu yi hirar damina da tsadar azara, in tashi da maganar a bakina in koma da ita gida. Kullum ina cewa mako mai zuwa. Da ciwonsa ya yi tsanani dangi suka taru a ɗakin, kowa yana neman gafara kamar yadda aka saba, ni ma na faɗa a cikin taro, muryata ta ɓace cikin ta mutane. Ya yafe wa kowa. Na san ya haɗa da ni. Amma ban taɓa ambata masa laifin ba, wannan kuwa ba ya barina in sake.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Siminti ya shigo birni, masu hali suna rufin kwano, bulo ba ya neman a jira shi kamar tubali. Ina jin ba zai ƙi ba, don mutum ne mai son ganin sabon abu, da ya taɓa ya tambayi kwana nawa yake sha kafin ya kama. Samarin da ke dawowa da satifiket kuwa, da ya yi musu murna kamar yadda ya yi mini. Shi ya raka ni tasha ranar tafiyata Zariya. Abin da zai tambaya kawai shi ne, in leburansu ya ga ɓarna, yana iya buɗe baki?

Makon jiya na kasa daurewa. Na bi gida gida na nemo waɗanda suka rage cikin mutanen da suka tsaya a wurin ranar nan, su huɗu har da Buba, na tara su a zaurena bayan la'asar. Na ce a gabansu na wulaƙanta shi, don haka a gabansu zan faɗa, Kawu ne mai gaskiya, ni ne na yi girman kai, na ci mutuncin wanda ya ɗauko ni. Ba wanda ya yi saurin ce mini, "Ba komai." Buba ya tsufa, idonsa ɗaya ya tafi. Shi ne ya ce, "Yafiya ba a hannunmu take ba, Inuwa. Mai ita ya tafi. Amma mun ji waccan da kunnenmu, yau kuma mun ji wannan. In an tambaye mu za mu faɗi duka biyun."

Gidajen da Kawu ya gina suna nan, wasu kuma za a rushe su a sa bulo, wannan ba makawa. Abin da na ga ya saura nasa shi ne tsofaffin nan huɗu, da bayan shekara takwas ba su yarda su sauƙaƙa mini magana don in ji daɗi ba, domin a hannunsa suka saba faɗin gaskiya ga na sama da su. Ranar ce karo na farko tun da na karanta takardar nan da ɗayansu ya kira ni Inuwa ba Malam ba. Allah ya jiƙan Kawu Bukar, ya sa abin da na yi masa ya zama nauyi a mizaninsa, ni kuma ya sassauta mini ranar da za a tambayi shaidu.