Dattijo, Injin Malam Hayatu

Duk wanda ya yi karatu a kwalejin nan mai zaman kanta da ke gefen garin Ƙaura Namoda, ko akanta ya karanta ko aikin ofis, in ka ambaci Malam Hayatu sai ya dubi farcensa tukuna kafin ya yi dariya. Shi ne malamin da ba a cin darasinsa da farin hannu.

Mutumin Katuru ne, ta wajen Shinkafi. Dogo ne siriri, da 'yar furfura a gemu, kuma duk kaftanin da ya mallaka akwai tabon baƙin mai a bakin hannunsa. Matarsa Khadija ta yaƙi tabon nan da sabulu iri-iri har ta sallama. Takan ce wa maƙwabta, "Malami anka ce min na aura, da anka kai ni ɗaki sai na iske bakanike."

Abin ya samo asali tun yana sakandare. Mahaifinsa Mainasara ya sayar da bijiminsa ya sayi injin ban-ruwa. Albasa ta yi kyau a fadama shekarar nan, har masu wucewa na tsayawa kallo. Ana tsakiyar rani inji ya ƙi tashi. Mainasara ya ja igiya har kafaɗarsa ta yi tsami. Buɗewa kuwa ba wanda ya ko kawo a ransa: abu mai tsada, wa zai taɓa? Aka lulluɓe shi da bargo kamar mai zazzaɓi, aka aika Shinkafi a kira bakanike, aka koma guga. Guga ba ta isa ba. Kafin bakaniken ya samu sararin zuwa, albasa ta kwanta.

Da ya zo, noti ya kwance, ya ciro wani ɗan ƙarfe, ya hura da baki, ya mayar. Ja ɗaya inji ya tashi. Datti ne, bai kai ƙwayar gero ba. Mainasara ya tsaya yana kallon ruwa na kwarara cikin gonar da babu sauran abin shayarwa, Hayatu kuwa fuskar ubansa yake kallo.

Daga nan ne ya tafi jami'a ya karanta injiniya. Da mahaifin ya rasu aka zo rabon gado, 'yan'uwa na ta maganar gona da tumaki, shi kuwa ya ce a bar masa tsohon injin. Suka ba shi da sauri, kada ya sake shawara.

A kwalejin akwai wani darasi da aka wajabta wa ɗaliban da ba injiniya suke karantawa ba, wai su san wani abu na fasaha. Malaman sashen suna gudunsa, don a ganinsu ƙasƙanci ne mutum ya tsaya gaban waɗanda ba su bambanta sifana da cokali. Malam Hayatu ya karɓa hannu bibbiyu. Ranar farko yakan shimfiɗa buhu a tsakiyar ɗakin aiki, ya ɗora injin ubansa a kai. Ɗalibai suka sa wa injin suna Dattijo. Ƙa'ida ɗaya ce: kowane rukuni sai ya kwance Dattijo ɗai-ɗai, ya haɗa shi, ya ja igiya ya tashi.

A ajin bana akwai wata Ummusalma, 'yar akanta, mai baki kamar rediyo.

"Malam, lallena fa? Jiya anka sa min."

"Ɗiyata, lalle na sake sawuwa. Kama sifana."

"Ni fa banki zan yi aiki, Malam."

"Madalla. Ranar da janareton bankin ya shaƙe, sai ku lulluɓe shi da bargo ku zauna jiran bakaniken Gusau."

Aji ya kwashe da dariya, ta karɓi sifanar da yatsu biyu kamar an miƙa mata kunama. Ba kanikawa yake son ya mai da su ba, ya sha faɗa. So yake su daina tsoron ƙarfe. A da yakan kwashe su a mota zuwa fadama su ga Dattijo na aiki a inda aka yi shi dominsa. Da hanya ta lalace, har shi kansa zuwa Katuru ya koma masa sai da dalili mai ƙarfi, sai ya ajiye durom na ruwa a bayan aji. Tiyo ya tsotso daga durom ya mayar cikin durom. Abin dariya ne, amma ranar da inji ya tashi a hannun waɗanda suka haɗa shi, ihun da suke yi har ofishin shugaba ake ji.

Sai labari ya zo cewa masu tantance makarantu na tafe. Mai kwalejin ya sayo sababbin injina, masu ƙyalli, kowane cikin ledarsa. Shugaban sashe, Dokta Bilyaminu, wanda tsohon ɗalibin Malam Hayatu ne, ya ba da umarni a share ɗakin aiki, a kwashe tarkace, a yi fenti.

A makon nan rukunin su Ummusalma suka gama kwance Dattijo. Ita da kanta ta ciro kabureta, ta ɗaga ta sama tana cewa a ɗauke ta hoto. Suka jera komai a kan buhu, noti da fistin da fulogi, da niyyar haɗawa mako mai zuwa. Washegari aka yi wa Khadija rasuwar kawunta a Zurmi, Malam Hayatu ya raka ta ta'aziyya.

Da ya dawo, ya tarar da ɗakin aiki na ƙamshin fenti. Inda buhun yake, an ajiye tukunyar fure ta roba.

Ya wuce ofishin shugaban sashe. Bilyaminu ya miƙe tsaye, kamar yadda ya saba yi masa.

"Bilya, ina Dattijo?"

"Ba ya wurinsa, Malam?"

"Kwance yake bisa buhu na bar shi."

Bilyaminu ya zauna a hankali. "Innalillahi. Malam, wallahi tarin ƙarafa na gani, na ce a ba 'yan gwangwan."

"Kai? Kai da ka kwance shi da hannunka?"

Dokta ya sosa ƙeya, ya dubi fankar sama. "Malam, ai mu a rukuninmu Abbati ne ya yi aikin. Ni agogonsa na riƙe masa."

Malam Hayatu ya tuna, shi ya ba yaron nan makin da ya fi na kowa.

Bai tsaya cin abinci ba ya nufi wajen tsohuwar tashar jirgi, inda 'yan gwangwan ke awo. Babbansu, wani Sha'aibu, ya saurare shi da ladabi, yana kaɗa kai.

"Ayya, Malam, ka makara. Baƙin ƙarfen ya bi tirela Kudu. Farin kuwa masu zubin tukwane sunka kwashe, ina jin yanzu wata na dafa tuwo ciki."

Ya ga fuskar Malam ba ta wasa ba ce, sai ya shiga tona shara da ƙafa, ya ciro wani ɗan guntun itace da ragowar igiya a jiki. Mariƙin igiyar tayarwa ne. Mainasara ne ya sassaƙa shi da wuƙa lokacin da na robar ya karye, ya yi sulɓi saboda hannayen da suka bi ta kansa.

"Wanga ba ya hawa sikeli," in ji Sha'aibu. "Riƙe abinka."

Masu tantancewa suka zo, suka zaga, suka yaba da tsabta, suka ci kaji suka tafi. Malam Hayatu ya nemi mabuɗin ɗakin sababbin injina. Aka ce sai an ƙaddamar. Aka ƙaddamar, da rumfa da jawabi. Ya sake nema, aka ce sai kamfani ya turo masu haɗawa, in wani ya cire leda kafin nan babu ruwansu. Kuma ko sun zo, kayan na ɗaliban injiniya ne, ba na masu lalle ba. Ya aro wani tsohon inji wajen wani mai lambu, ya ɗauro shi a bayan babur. Mai gadi ya tare shi a ƙofa yana ba shi haƙuri: sabuwar doka ce, ba a shiga da tarkace.

Da aka shiga aji, Ummusalma ce ta fara magana, ba da bakin da aka saba ji ba.

"Malam, yaushe za mu haɗa shi? Na riƙe inda kowane noti yake."

"Ku taso," ya ce.

Ya kai su bakin tagar ɗakin injinan, suka yi layi, kowa ya kare ido da tafin hannu ya leƙa ta gilashi. Yana nuni da biro: wancan mai shuɗiyar leda famfo ne, na kusa da shi janareto. Suka dawo aji, ya zana kabureta a allo. Ya iya zane, ba laifi. Suka kwafa.

A jarrabawar zangon nan babu wanda ya faɗi. Ummusalma ta zana kabureta har da inuwa. Dokta Bilyaminu ya yaba masa a taron malamai, ya ce ba a taɓa samun sakamako irin wannan a darasin ba, aka tafa.

Rannan da hantsi Khadija na shanya wanki, ta ɗaga sabon kaftaninsa tana juya bakin hannun a rana. Fes.

"Kai, Malam! Ashe dai malami na aura. Sai da munka tsufa za ka nuna min?"

Ta jira ya rama, kamar kullum. Yana zaune a gindin darbejiya, hannunsa ɗaya cikin aljihu yana murza wani abu.

"Haka ne," ya ce. "Allah ya sa albarka."