Wuyan Hannun Tsani

Shekara ashirin da biyu Mai Faci yana bakin titi ɗaya, tsakanin injin iska da bahon baƙin ruwan da yake tsoma tayoyi ya ga inda ke kumfa. Ko tayar tirela ba ta taɓa ba shi tsoro ba. Amma satin da aka kira ɗansa, wanda unguwa ke ce wa Tsani saboda tsawo, ya tsare wa ƙasa raga a gasar 'yan ƙasa da shekara sha bakwai, sai ga gwanin yana liƙa faci a gefen huji.

Abin da ya hana shi sakat, an ce kafin a hau jirgi sai an sa wuyan hannun kowane yaro a na'ura. In ƙashin ya gama haɗewa, ka tsufa ke nan, kwashi takalmanka ka koma gida.

Shekarun Tsani sha shida, uwarsa ta rantse. Sai dai tun yana ɗan goma uban ya sa shi ɓamɓarar taya da ƙarfe.

"Ni na tsufar masa da hannu," ya ce wa matarsa. "Hannun da ya shekara shida yana riƙe guduma, ai na'ura gaishe shi za ta yi."

"To je ka yi mata bayani."

"Maman yara, ba wasa nake ba."

"Ni ma. Ni na haife shi, ba gudumarka ba."

Kwana ukun da suka rage kafin yaron ya tafi sansani, ko buta bai bari ya ɗauka ba. Ya sayo man zafi, safe da yamma yana mulka masa, wai ƙashi ya yi laushi.

"Baba, gola ne ni fa, ba amarya ba."

"Miƙo hannu."

Ranar gwajin Mai Faci ya ɗora waya kan taya ya tsura mata ido, wani direba na ta danna masa hon. Sai bayan azahar Tsani ya kira.

"Baba, an cire mutum huɗu."

"Kai fa?"

"Har da kyaftin ɗinmu, yana can yana kuka..."

"Don ubanka, kai fa?"

"Ina ciki. Jibi za mu tashi."

Mai Faci ya zauna dirshan a ƙasa. Direban ya leƙo ta taga.

"Malam, lafiya?"

"Ɗana ne," ya ce, yana share fuska da baƙin tsumma. "Ashe yaro ne."