Maigadin Wayar Inno

Bari in faɗi nawa da bakina kafin 'yan gidanmu su ƙara masa gishiri: ni ne na sa wayar Inno ta kira ta ɓarauniya a tsakiyar kasuwar Birnin Kebbi, kuma da muryata. Wallahi ba da mugunta na yi ba. To, rabi da rabi.

Inno kakata ce, mahaifiyar Babana, wadda ku kuka sani da Hajiya Kulu mai shinkafa. Duk wanda ya taɓa kiranta a waya ya san ba ta ɗauka. Ba girman kai ba ne. Wayar tana cikin safa, safar tana cikin leda, ledar kuma tana ɗaure a bakin zane da irin ƙullin da ake yi wa akuya mai ɓarna. Kafin ta kwance, wayar ta yi kuka ta gaji, mai kiran ya yi fushi ya huce, wani ma har ya hau kabu-kabu ya iso gidan. Sannan ta duba wanda ya kira, ta yi masa filashin, ta gyara zama. "Mai son magana shi biya," in ji ta.

Wayar ba wata mai tsada ba ce, Kawu, ƙanen Babana, shi ya saya mata. Abin da ke ciki ne ya sa take ɗaurin nan. Muryar mijinta ce, marigayi Kaka Mamman, masunci ɗan Argungu. An ɗauka ne ranar wani suna, yana ba da labarin giwan ruwan da ya taɓa kamawa, kifin da kullum aka ba da labarinsa sai ya ƙara tsawo. A tsakiya za ka ji Inno ta ce, "Ƙarya kake, Malam!" shi kuma ya fashe da dariya. Kowace safiya bayan ta gama lazimi sai ta kunna, kuma in an zo daidai wurin sai ta sake ƙaryata shi, kamar jiya ya faɗa. Kafin a kai ƙarshe take manna wayar a kunne, don a can ne ya kira ta da wani suna da ba ta so kowa ya ji.

Na sha ce mata, "Amarya, kawo in tura a wayata, saboda tsaro."

"Miji goro na da za a raba ma jama'a? Tashi ka ba ni wuri, Maigida."

Maigida take ce mini saboda sunan Kaka na ci. Ni kuma Amarya nake ce mata in ina neman wani abu, tsohuwa in ta hana. Saboda haka muryar nan guda ɗaya ce tak a duniya, tana cikin safa.

Rannan aka fizge wayar Maman Ladi, maƙwabciyarmu mai ɗinki, a bakin titi. Ta shigo tana kuka, hotunan bikin 'yarta duk sun tafi. Inno ta ba ta haƙuri, ta raka ta har ƙofa, ta dawo ta tsaya a kaina.

"An ce akwai maigadi da ake sa ma waya."

"Manhaja, Inno. Suna da yawa, sai wadda kika zaɓa."

"To kawo su in gani, ɗaya bayan ɗaya."

Jama'a, ko aikin gwamnati ba a tantance mutum haka! Ta shimfiɗa tabarma, ta jefa goro a baki, na zauna ina nuna mata. Ta farko mai hoton zaki.

"Ɗan wane gari na?"

"Inno, ba a rubuta ba."

"Wa yas san ubanai?"

"Mutane sun ba shi taurari."

"Taurari dangi na? Wuce."

Ta biyu kyauta ce. Na ɗauka an gama, don Inno ko guba aka ce kyauta sai ta tambaya ko da ƙari. Sai manhajar ta fara roƙo: a bar ta ta ga hotuna, a bar ta ta karanta saƙo, a bar ta ta ga lambobin mutane, a bar ta ta saurari magana. Ina karantawa Inno tana rage taunar goro.

"Tsaya. Maigadi na, ko siriki? Maigadi bakin ƙofa shika zama. Wanga da ka son shiga ƙuryar ɗaki, shi ne ɓarawon. Kore shi!"

Ta uku kuwa muna buɗewa ta jefo mana tallar maganin ƙiba. Inno ta dubi kanta, ta dube ni, ta ce wa ya gaya masa? Haka muka yi ta korar su har la'asar. Ƙarshe ta yarda da biyu: wadda ta zo da wayar tun daga kamfani, mai nuna inda waya take a taswira, wai ita 'yar gida ce, da wata mai ɗaukar hoton duk wanda ya danna lambar sirri ba daidai ba, ta kuma yi ƙara.

Sai maganar makulli. Muka gwada yatsa. Ya yi aiki lafiya lau har ranar da ta ƙunsa lalle, wayar ta ce ba ta san wannan matar ba. Muka koma fuska. Wannan ma ya yi, har ranar da ƙanwarta Inna Tumba ta zo daga Argungu, ta ɗauki wayar don ta duba ɗaurin kallabinta, waya ta buɗe mata tangaran! Ku da kuka san su, kun san tun suna 'yan mata Inno take cewa ko kusa ba su yi kama ba, ita hancinta miƙaƙƙe ne.

Inna Tumba ta yi dariya har da riƙe ciki. "To Yaya, ga shi na'ura ta yanke hukunci."

"Na'urar makauniya ta! Maigida, cire wanga abu kahin in jefa shi rijiya."

Aka koma lamba. Daga nan imel ɗina ya cika da hotunan ɓarawo guda ɗaya: hancin Inno daga ƙasa, hancin Inno daga gefe, Inno tana harara, Inno tana zagin wayar. Kuma gaskiya, hancin bai miƙe ba.

Yanzu ga laifina. Manhajar tana bari mutum ya sa irin ƙarar da yake so. Na shiga bayan gida, na cika ƙirji, na ɗauki muryata: "Ɓarawo! Jama'a ɓarawo! Ga shi nan riƙe da ni!" Na sa, na ce zan gaya mata, sai aka kira ni ƙwallo. Washegari tana tsakiyar awon shinkafa ta ɓata lamba sau da yawa a jere. Waya ta ɓarke da ihu. Ba a rage ta, ba a kashe ta. Masu albasa suka taso, 'yan dako suka taso, wani har da icen rumfa. Inno ta cusa wayar cikin buhun shinkafa ta zauna a kai, buhu ya ci gaba da kiran jama'a daga ƙarƙashinta.

Wani saurayi baƙo ya matso. "Hajiya, tsakani da Allah, wayar wa ce?"

"Ta ubanka ta!"

Da ta dawo gida na riga na haye katanga. Ta tsaya a ƙasa da muciya. Na ce zan cire, wallahi yanzu zan cire. Ta sauke muciyar.

"Bar shi. Kasuwa dut ta taso. Amma muryar ga taka, sai ka ce ɗan akuya ya ga wuƙa."

Taswirar ce ta fi ba ta haushi. Likita ya hana ta mai da gishiri saboda hawan jini, Baba kuma ya kafa doka. To wata Asabar ta ce za ta gaishe da mara lafiya nan bayan layi. Na duba wayata, sai ga ɗigon Inno yana gudu a kan titin Argungu kamar an biyo shi. Ya je ya tsaya cak a tasha, daidai inda ake suyar kifi. Da yamma ta dawo tana salati, wai mai jikin ya ji sauƙi.

Na ce, "Amarya, mai jikin ragon ruwa ne ko tarwaɗa?"

Ta harare ni. Sannan ta zaro ƙunshi mai maiƙo daga hijabi ta miƙo mini. Daga ranar na zama abokin cin amana, kuma na yi ƙiba.

Kifin nan ne ya ja mana. Wata Asabar ɗin ta kwance wayar a tasha don ta yi wa direba filashin, ta ajiye a benci don ta ci da hannu biyu. Ta ɗago, babu waya. Inna Tumba ce ta kira Baba, dole na buɗe baki na faɗi abin da ke kai Inno Argungu. Hararar da Baba ya yi mini a mota, har yau in na tuna sai na gyara zama.

Muka sami Inno a tsakar gidan Inna Tumba, safa a hannu, babu komai ciki. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ko goro ba ta ci.

Na kulle wayar daga tawa. Baba ya ce akwai abin banki a ciki, in danna wurin gogewa a share komai, sannan mu wuce wurin 'yan sanda. Baba ɗan fari ne, Inno ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika kallonsa ba. Ranar sai da ta dube shi ido cikin ido.

"Wanda yag goge Malam, ban yahe mai ba."

Baba ya sunkuyar da kai. Ana haka wayata ta yi ƙara. Hoto ya shigo, kuma a karon farko ba hancin Inno ba ne. Wani yaro ne sa'ana, ya buɗe baki yana cankar lamba. Ba gwani ba ne, ko layin bai cire ba. Ɗigon kuma ya nuna unguwar masunta, can gangaren gulbi, sai dai gidajen a cunkushe suke.

Inno ta ce in buɗa hoton. Ta kai shi nesa, ta kawo kusa.

"Tumba, dibi kunnuwan ga."

Inna Tumba ta leƙa. "La ilaha! Gidan su Ta-Allah."

"Jikanta na. Kakanai da Malam jirgi guda sunka shiga."

Baba ya ce to madalla, sai a tafi da hukuma. Inno ta ce shi ya zauna a mota. Ta aike ni na sayo goro da sabulu, ta sa hijabinta na zuwa biki, ta ce in biyo ta in riƙe wayata a aljihu, in na ga ta sosa hanci in danna wurin tayar da ƙarar wayarta.

Ta-Allah tsohuwa ce ƙarama, ta tarbe mu da murna, ta shimfiɗa tabarma. Aka fara gaisuwa. An kwana lahiya, ya gida, ya ruwa, ya ƙafa, ya haƙurin waɗanda aka rasa tun kafin a haife ni. Na sha ruwa, na sha fura, ƙafata ta mutu. Sai Inno ta sosa hancin nan nata.

Daga cikin rumbu muryata ta tashi: "Ɓarawo! Jama'a ɓarawo!"

Kaji suka watse. Wata akuya ta tsinke igiya. Inno ko gezau.

"Ya jikoki, Ta-Allah?"

Gumi ya keto wa tsohuwar. "Lahiya lau, Hajiya."

"Madalla. Bana gulbi ya kawo kuwa?"

"Ya... ya kawo. Bari in ɗebo miki ɗan abin miya."

Ta tashi ta nufi rumbun. Muka ji ihun yana matsowa, yana matsowa, sai ga ta da ƙwarya an rufe da faifai. Ta durƙusa ta ajiye a gaban Inno. Bandar kifi ce da albasa, ƙwaryar kuma tana ta kururuwa ga shi nan riƙe da ita.

"Ga wanga ki kai ma yara, ba yawa."

"Haba, har da wahala? Allah shi bar zumunci."

Sai a lokacin ta yi mini alama na kashe daga wayata. Ba wanda ya ambaci waya, ba wanda ya ambaci sata. A zaure muka tarar da yaron a tsugune, kansa a ƙasa. Inno ta kama kunnensa ɗaya ta murɗa a hankali, kamar mai neman tasha a rediyo.

"Manya haka, ai sun isa jin magana. Ka ji?"

Ya ce ya ji.

A mota ta tono wayar daga ƙarƙashin kifi, ta goge da bakin hijabi, ta danna lamba daidai a bugu ɗaya. Muryar Kaka ta cika motar. Baba ya rage gudu. Da aka zo wurin ƙaryatawa bakinta ya motsa, amma maganar ba ta fito ba. Mun kusa shiga Birni ta miƙo mini wayar ba tare da ta juyo ba.

"Tura ma wancan da ƙanenai. Amma ka yanke ƙarshen."

Na yanke. Dole sai da na saurara kafin in san inda zan yanke, don haka na ji sunan. Kada ma ku tambaye ni. Ko da kifin Argungu duka za ku biya, ba zan faɗa ba.

Inno ta rasu da damina, bayan zazzaɓin da bai daɗe ba, a ɗakinta, kanta a cinyar Inna Tumba. Allah Ya jiƙan ki, Amaryata. Allah Ya yafe miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sada ki da Malam ɗinki a inda ba a rabuwa.

Wayar ba a sake sace ta ba. Batirinta ne ya kumbura bayan sadakar arba'in, mai gyara ya ce ba za ta tashi ba. Muryar Kaka tana nan a wayar Baba da ta Kawu da tawa. Ta Inno kuwa ba wanda ya tuna ya ɗauka. Abin da muke da shi kawai kalmomi ukun nan ne da ta faɗa a tsakiyar labarin kifi.