Hulata Ta Cinye Jawabin Ciyaman

Jama'a, yau hulata ta kusa raba ni da aiki!

Tun safe nake buga jawabin sabon ciyaman ɗinmu, wanda zai karanta gobe wurin rantsar da kansiloli. Shafi tara, da yatsu biyu, don ban daɗe da fara taɓa kwamfuta ba.

Oga ya leƙo ya ce, "Malam Sada, ƙara girman rubutun, idon ciyaman ba shi gani sosai." Na danna Ctrl da A, rubutun duk ya yi shuɗi. Sai aka kira Azahar. Na cire hula da agogo, na kife su kan kibod, na tafi alwala.

Na dawo, allo fari fat! Innalillahi! Ashe hular ce, da nauyin agogon, ta danne dogon maɓallin nan, rubutun duk ya goge.

Oga ya ce, "Ko ka kwana nan, gobe ina son jawabin nan."

Na buɗe sabon shafi, na faro daga bisimilla. Awa uku, ko ruwa ban sha ba, bayana kamar zai tsage.

Bayan La'asar Hajiya Indo, tsohuwar mai buga mana takardu, ta shigo. "Mi ya faru, Malam?" Na faɗa mata. Ta koma tsohon shafin, ta danna Ctrl da Z. Jawabi ya dawo cif, shafi tara!

Ta miƙo mani hular, ta ce, "Gobe ka rataye ta ga ƙusa. Ita ba ta iya kwamfuta ba, kamar mai ita."